Daga Salaga Zuwa Bawku Bakina a Rufe

Ana sallame sallar asuba muka bar Tamale, ni da maigidana, lasifikokina a bayan akori-kura an lulluɓe su da tamfol saboda damina. Masu kirana a waya kwanakin nan ina ƙin ɗauka, har wasu suka fara cewa na yi kuɗi na daina kula mutane, ku yi haƙuri ku karanta wannan. Ba girman kai ba ne, baki aka rufe min.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamar firamare ce. Litinin zuwa Juma'a ina fama da yaran da ba sa jin magana sai an ɗaga murya, Asabar da Lahadi kuma ina DJ a bikin mata. Aikin DJ a zango, wato unguwanninmu na Hausawa, ba sa waƙa kawai ba ne. Ke ce mai kiɗa, ke ce mai kiran sunan duk Hajiyar da ta shigo fili, ke ce mai rabon faɗa idan ƙawayen amarya suka hau sama. Shekara da shekaru ina haka har muryata ta fara dushewa. Da farko ranar Litinin kawai take shaƙewa, daga baya ta zama kullum, har wata rana na buɗe baki a aji iska ce kawai ta fito. Yara suka yi ta dariya, ni kuwa na nufi asibiti.

Likitan maƙogwaro ya zura min wata 'yar kyamara ta hanci, ya ce wasu ƙananan ƙulluka sun fito a kan jijiyoyin muryata. In na yi shiru har ƙarshen hutun makaranta, akwai fatan su saɓe da kansu. In ban yi ba sai tiyata, kuma bai yi min alkawarin muryar za ta dawo yadda take ba. Na ce to zan riƙa raɗa. Ya ce raɗar ma wahalar da su take yi, in bar ta. Ni kuwa na riga na karɓi biki uku a cikin hutun, Salaga da Yendi da Bawku, kuma duk wanda ya san matan zango ya san ba a soke musu DJ bayan an raba anko. Da muryar nan nake cin abinci ta hannu biyu. In ta tafi, aji ya tafi, fili ma ya tafi.

Maigidana mutum ne da zai wuni cur maganarsa ba ta cika cokali ba. Shi ne ya rufe shagonsa na gyaran firji ya ce zai tuƙa ni, kuma shi zai zama bakina. Na dai lura tun da likita ya yanke hukuncin nan fuskarsa ta yi wani haske. Na rubuta masa a waya cewa ina kallonsa, kuma hutu ƙarewa yake yi.

Hanyar Salaga ta yi kore shar. Ko'ina kunyoyin doya ne, ga sabuwar doya an jera a bakin titi, ga kekuna masu ƙafa uku an lafta musu kaya har gindinsu na jan ƙasa. Doyar ta fi ta kasuwar Tamale araha nesa ba kusa ba, sai na taɓa shi na nuna masa ya tsaya. A nan na fara sanin azabar shiru. Mai doya ta faɗi farashin farko, wanda kowa ya san na buɗa baki ne, bawan Allahn nan ya zura hannu a aljihu ya biya. Ko ragi bai nema ba. Ina cikin mota ina buga gilashi, shi yana ɗago min hannu wai ya gane, ashe ya ɗauka ƙari nake so. Ya koma ya sake sayen wani kashin.

Gidan bikin na Salaga irin tsofaffin gidajen nan ne na jikokin fataken goro, Hausarsu a cike take, ba irin tamu ta Tamale da muke cakuɗawa da Dagbanci da Turanci ba. Gaisuwarsu ma doguwa ce. Na durƙusa gaban tsofaffi, suna tambayar hanya da gida da yara da aiki, ni ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na miƙa wa wata wayata in nuna mata bayanin da na rubuta, ta karɓa ta juya ta, ta ce wayar tana da kyau, ta mayar min. Sai da maigidana ya leƙo daga zaure ya ce, "Hajiya, likita ne ya hana ta magana." Shi ke nan, kowace tsohuwa ta zama likita. Wannan ta kawo zuma da citta, waccan kanumfari, wata ta ce man shanu da ruwan ɗumi, wata ta damƙa min goro ta ce in tauna zai buɗe. Na karɓe duka da hannu biyu na zuba a jaka.

Bayan azahar aka shiga fili, kuma a nan ne hankalina ya fi tashi, don wa zai kira sunaye? Magajiyar unguwa, shugabar matan wurin, ta kalle ni ta kalli makirfo ta ce, "Ba ni abin nan, 'yata, ke ki ji da kiɗanki." Wallahi matar nan ta ba ni kunya. Ni sunan da aka raɗa min a kunne nake maimaitawa da ƙarfi, ita kuwa in ta kira mace sai ta haɗa da uwarta da kakarta da gidan da suka fito. Mata suka riƙa tasowa tun kafin ta rufe baki. Ba zan ɓoye muku ba, na ji kishi. Na tsaya bayan na'urata ina jira wata ta ce bikin bai yi armashi ba tun da ban yi magana ba. Babu wadda ta ce. Abin da na samu shi ne, tun da bakina ba ya aiki idona ya koma kan ƙafafun masu rawa, ina ganin sun fara sanyi sai in canja waƙa kafin su zauna. Ban taɓa haɗa kiɗa ya zauna min kamar na ranar ba.

Daga Salaga muka bi ta Bimbilla zuwa Yendi. Hanyar nan a damina sai mai haƙuri, inda aka yi kwalta ka gode Allah, inda ba a yi ba ka riƙe kujera. Duk ramin da muka faɗa sai na waiwaya in ga ko lasifikokina suna nan. A Bimbilla muka ci wake da shinkafa da soyayyen cukun Fulani. An hana ni yaji, saboda haka nawa ba shito, wato dakakken yajin nan baƙi da ake zubawa a kai. Wake ba shito hukunci ne kawai. Maigidana ya karɓi nasa ya haɗa da rabona, yana ci yana gumi, ni ina bin nawa da ruwan da ba sanyi.

Gaisuwar Yendi ta zo min da sauƙi, don a wajen Dagomba, mutanen yankin, ƙarami durƙusawa yake yi yana amsa "naa, naa". Ni na yi durƙuson, shi ya yi ta amsawa a madadinmu mu biyu. Wata ƙawar uwar amarya ta karɓi makirfo, biki ya kankama, har na fara jin na iya zaman nan.

Sai hadari ya taso bayan la'asar. Kafin a ankara iska ta ɗage rumfar da ke kaina, ruwa ya fara sauka a kan na'urar haɗa sauti da kwamfutata. Maigidana yana can nesa ya juya baya yana duba janareto. Ban san lokacin da na ƙwala masa kira ba, da duk ƙarfina, irin kiran da nake yi wa yaro daga ƙarshen filin makaranta. Da ma a ce wani yaro na ceta ko wata tsohuwa, da na samu abin faɗa wa likita. A'a, don na'ura na yi. Ya rugo da tamfol, kaya ba su lalace ba, amma maƙogwarona ya ɗauki zafi kamar na haɗiyi ƙaya. Da muka gama loda kaya na shiga mota na yi kuka mara sauti, don ko kukan ma ba ni da izinin yi da ƙarfi. A raina na ce shi ke nan, duk shirun da na yi ya tashi a banza. Shi dai ya miƙo min ruwa ya ce, "Sau ɗaya ne. Ki ci gaba daga inda kika tsaya."

Da wannan fargaba muka kama hanyar arewa, ta Gushegu, muka gangara duwatsun Nakpanduri inda mota ke tafiya a hankali kana hango gonaki can ƙasa, muka wuce Garu. Daga nan shingayen jami'an tsaro suka yawaita, kuma duk inda aka ga tamfol sai an ce a buɗe. Bawku garin haihuwata ne, amma na daɗe ban je ba saboda rikicin da ake yi a garin. Ƙamshin albasa yana nan, masu gasa zabi suna nan, sai dai gari yana rufewa da wuri. Biki ma yanzu da rana tsaka ake yi a tashi kafin dokar hana fita.

Bikin na Bawku na gida ne. Amaryar jikar Gwaggona ce, yayar babana, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. An gaya min a waya idonta ya yi rauni, amma ban san ya tafi gaba ɗaya ba sai da na shiga ɗakinta. Tana zaune a bakin gado, duk wanda ya shigo ya yi sallama sai ta kira sunansa, da murya take gane kowa. Na durƙusa a gabanta na kama hannunta.

"Wace ce?" ta tambaya.

Na ƙara riƙe hannunta.

"Wace ce ta shigo min ba sallama?"

Jama'a, a duk tafiyar nan ba inda shiru ya yi min ciwo kamar nan. Maƙogwarona bai daina zafin Yendi ba, na san in na sake magana wataƙila ita ce za ta kai ni ɗakin tiyata. Amma ga matar da ta goye ni tana lalube ba ta san ni ba ce. Na ce a raina ko me zai faru ya faru, na ja numfashi zan yi magana. Sai maigidana ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya gaishe ta, ya zayyana mata komai tun daga likita har ruwan Yendi. Tun da na aure shi ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan ba.

Gwaggo ta bi hannuna da lalube har ta kai fuskata, ta ɗora tafinta a kan bakina ta danne.

"Kada ki kuskura," ta ce. "Tun kina 'yar mitsitsiya nake roƙon Allah ya nuna min ranar da za ki yi shiru. Ga shi ya amsa, sai da ya karɓe idon."

Matan ɗakin suka fashe da dariya, ni ina dariya ina hawaye a cikin tafinta. Ta ce in zauna kusa da ita, yau ita za ta yi magana. Kuma ta yi. Ta ba ni labarin mahaifiyata, abubuwan da ban taɓa ji ba, yadda take sayar da koko a bakin tasha, yadda ita ma ba a rufe mata baki. Na tabbata ta sha ɗauko zancen nan a baya, ni ce ba na barin kowa ya kai ƙarshen magana.

Washegari aka yi biki lafiya, wata 'yar gidan ta riƙe makirfo, aka kawo Gwaggo aka zaunar da ita nesa da lasifika tana kaɗa ƙafa. Muka tattara kaya da sauran rana.

Muka dawo ta Bolga da Walewale, mota cike da albasa da doyar da aka saya da tsada. Na ƙarasa sauran hutun a gida bakina a rufe, sannan na koma wajen likita. Da ya zura kyamarar na runtse ido ina ta salati a zuci. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ƙullukan sun saɓe sosai, saura kaɗan, babu maganar tiyata. Na rubuta masa abin da ya faru a Yendi, ya ce kada in maimaita, amma bai ɓata komai ba.  Ya ce in fara magana kaɗan-kaɗan, a hankali, ban da ihu.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan ba shi da yawa. Na ajiye makirfo a fili, daga yau duk bikin da zan je su nemo Magajiyarsu ta kira sunaye, ni kiɗa zan yi. Na rage karɓar aiki, ba zan ƙara tashi daga fili ranar Lahadi in faɗa aji ranar Litinin ba. Na kuma sayi 'yar ƙaramar lasifikar da ake ratayawa a ƙugu saboda aji. Abin kunya ne a ce mai lasifika har huɗu a ɗaki ta yi shekaru tana yi wa yara ihu da maƙogwaronta. Ciniki kuwa na karɓe abina daga hannun maigida.

Ina fitowa daga asibiti, tun kafin mota ta tashi, na kira Bawku na sa aka kai wa Gwaggo wayar. Muryata ta fito siririya, tana rawa, amma ta fito.

"Gwaggo, ni ce."



"Na ji ki," ta ce. "Alhamdu lillahi. To kashe wayar haka nan, kada ki ƙarar da ita a kaina."