Mai Tsaron Takalma a Bakin Ruwa

Labarin ya same ni da hantsi, ina shagona a kasuwar Nima da ke Accra ina auna wa wata mata yadi. Sunan Anti Dede na gani a waya, na san ba lafiya ba, don ita mai mashaya ce, da rana barci take yi. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Da Hausar da ta koya a bakin mahaifina ta ce, "Ramatu, Baba ya tafi oo. Ya yi sallar asuba, ya kwanta, bai tashi ba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin la'asar an kawo shi gida, an yi masa sutura, an kai shi makwancinsa.

Ni ce 'yar farin Baba Isaka mai cicinga, wato tsire, kuma ina so in faɗi aikinsa da bakina, tunda a Nima an daɗe ana faɗinsa ƙasa-ƙasa. Tun ina 'yar makaranta yake gasa nama a wani tsibiri da ke bakin kogin Volta, can wajen garin Ada. Gari ne da ba wanda ke sauri a cikinsa, har kajin garin ba sa gudu in an kore su. Da rana sai inuwar kwakwa da masunta suna ɗinkin koma. Amma daga yammacin Juma'a kwalekwale ke fara sauke mutanen Accra da Tema da Turawa masu yawon buɗe ido. Mashaya ce jere a kan rairayi, a fara da mai ganguna, a gangara wurin mai soyayyen kifi, a ƙare a ta Anti Dede inda ake sa tsofaffin waƙoƙi. Rumfar Baba tana daidai inda kwalekwale ke tsayawa, duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta gabansa.

Bai taɓa sa ƙafa cikin ɗayansu ba. In Anti Dede tana son nama, sai dai ta aiko ko ta tako da kanta. Butarsa da darduma suna rataye a jikin rumfa, in lokacin salla ya yi, ko wane ne a tsaye sai ya jira. Ba ina wanke giya ba ne a nan, shi ma bai taɓa wanke ta ba. Ina faɗin abin da idona ya gani ne a hutun makaranta da na riƙa yi a wurinsa.

Da yake rairayi ne, baƙi kan tuɓe takalma su yi yawonsu, kuma wanda ya sha ba ya tuna inda ya yar da nasa. Shi ya sa suka fara barin su wurin Baba. Ana nan wata shekara wani saurayi ya miƙe yana rawa cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa, jirgin ya karkata, ya faɗa ruwa, ba a ga gawarsa ba sai washegari. Takalmansa suna hannun Baba mintoci kaɗan kafin nan, shi ya miƙa masa su, ya kuma ga yadda yake tangaɗi. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Ya tara masu kwalekwale ya roƙe su alfarma ɗaya: kada su ɗauki kowa ba takalmi. Suka yarda, don su ma sun tsorata.

Daga nan duk mai son ƙetarewa sai ya zo wurin Baba. Shi kuwa ba ya tambayar kwalba nawa ka sha. Zai ce ka je bakin wancan kututturen ka dawo, yana juya nama yana kallon tafiyarka ta gefen ido. In ka dawo a miƙe, ga takalmanka, Allah ya kiyaye hanya. In kana auna faɗin rairayi, sai ya nuna maka tabarma a bayan rumfa.

Na ga ranar da wani mai babbar mota a Accra, Mista Teteh, da aka hana shi takalmansa ya buga masa tsawa da Turanci cewa bai san ko shi wane ne ba. Baba ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Ni na sani, maigida. Ruwa ne bai sani ba." Mutumin ya yi zagi har ya gaji, ya ɓingire a tabarma. Da safe Baba ya ba shi koko da ƙosai, ya haɗa masa da faɗa mai zafi, sannan ya miƙa masa takalma a goge. Ko kwabo ba ya karɓa a kan wannan. Yakan ce, "Abin da ke cikin kwalba ba ni za a tambaya ba. Amma in na ga mutum zai faɗa ruwa na yi shiru, wannan laifin nawa ne."

A unguwa kuwa sunansa mai gasa wa mashaya nama. Yayansa, Alhaji Nuhu, ya sha yi masa tayin ya dawo ya riƙe masa shagon kayan mota a Abossey Okai. Baba yakan yi dariya ya ce, "Yaya, in na taso, wa zai riƙe takalman?" Alhaji bai taɓa jin wannan a matsayin amsa ba. Na girma ina ganin yadda mata ke sauya zance in Mma, mahaifiyata, ta shigo gidan suna.

Ranar addu'ar uku aka kafa rumfa a lungunmu, malamai suka zauna. Sai saƙo ya zo cewa mutanen tsibiri suna hanya, mota guda cike. Alhaji ya shigo cikin gida fuska a murtuke. Ya ce a tare su a bakin titi, a karɓi gaisuwarsu a can, su juya.

Na ce, "Baba Alhaji, mutane sun ƙetare ruwa don ƙaninka."

Ya ce, "Ramatu, masu sayar da giya ne fa. Su zauna da malamai? Nima duka za su yi magana ƙwarai."

Na ce, "Nima sun daɗe suna magana. Ga jikokinsa nan suna ji. In aka kore su yau, an gaya wa yaran nan kakansu abin kunya ne. Ni ban yarda ba."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya fita, na bi shi har bakin ƙofa.

Kafin a aika kowa sai ga su sun shigo lungu. Masu kwalekwale ne a gaba, sai masu mashaya, sai waɗansu da ban sani ba. Kowa takalminsa a hannu. Wanda ya san lungunan Nima ya san ba wurin tafiya ba takalmi ba ne, ga ruwan kwata, ga tsakuwa, ga rana ta gasa siminti. A haka suka tako tun daga bakin titi. Anti Dede ta rufe kanta da mayafi, da gani aro ta yi, don sai zamewa yake yi. Suka jera takalman a ƙofar gidanmu suka tsaya, ba wanda ya nemi kujera.

Mista Teteh ne ya matso, gashinsa ya yi fari, yana riƙe da hannun wata budurwa. Ya yi magana da Turanci, wani ya fassara. Ya ce wannan 'yarsa ce, bayan daren da Baba ya hana shi takalmi aka haife ta, kuma ya kawo ta ne ta ga gidan mutumin.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙafafunsu. Sannan ya juya ya ce, "A kawo musu ruwa su wanke ƙafa. A ƙaro benci." Shi da kansa ya matsa ya ba Mista Teteh wuri. Anti Dede ta wuce ciki wurin mata, ta durƙusa gaban Mma, ta buɗe leda ta fito da silifas ɗin Baba, waɗanda diddigensu ya cinye. Ta ce, "Mma, shi ya riƙe na kowa. Nashi mun kawo." Mma ta rungume su, a nan ne na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar.

Ina alfahari da ubana, kuma yanzu a tsakiyar kasuwa nake faɗin aikinsa. Masu kwalekwale sun ce dokar tana nan, babbansu ne ke zama a rumfar yana karɓar takalma.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isaka, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka ba Mma haƙurin rashinsa, ka ƙara wa Baba Alhaji lafiya, ka raya jikokinsa su tashi suna ɗaga kai in an ambaci sunansa. Mutanen tsibirin nan da suka tako mana ba takalmi, ka shirye su, ka shirye mu. Ya tsaya a bakin ruwa shekara da shekaru don 'ya'yan mutane su ƙetare lafiya. Ya Rabbi, ranar da zai zo kan Siraɗi, ka ƙetarar da shi lafiya. Amin.