Yaya Bilki da Barkar Waɗanda Suka Warke Daga Daji

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Bilki, amma har yau in na bi hanyar Mpape sai in ji kamar zan hango tsohuwar motarta tana fama da hawa.

Farfesa ce, ita ke kula da sha'anin koyarwa a jami'arsu, bincikenta kuma a kan waɗanda suka warke daga ciwon daji. Takan ce wanda ya tsira daga hatsarin mota gidansa cika yake da 'yan barka, amma matar da aka cire wa nono sai ta lallaɓo gida kamar ɓarauniya. Shi ya sa take kwasar ɗalibanta zuwa gidan wadda ta warke, da lemo a leda, a yi mata barka da arziki kafin a fara tambayoyin bincike. Sauran malaman jami'ar suka ce ɓata lokaci ne. Yaya kuwa in ta kafe, sai Allah.

Abin kunya, ni ƙanwarta ciki ɗaya ina cikin masu ɓoyewa. Ni ma dajin ya kama ni, an yi mini aiki na warke, na ce wa 'ya'yana gyambon ciki ne. Ta roƙe ni in faɗa musu, na ƙi.

"Saude, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji ta. "Kina da 'ya mace fa."

Na yi fushi, wata biyu ban taka gidanta ba. Ba ta sake tayar da zancen ba, kuma ba ta tona mini asiri ba har ta koma ga Allah.

Da tana nan yau, da ta yi murnar ganin mata suna ba da labarin jinyarsu a waya, sannan ta yi mitar cewa barkar waya ba barka ba ce. Ni kuwa da na sha faɗa. Bara 'yata Amira ta ji ƙulli a nono, ta yi wata huɗu tana ɓoyewa. A wurina ta koya. Allah ya taimaka aka tare shi da wuri.

Ranar da aka sallami Amira daga asibiti na kira dangi da maƙwabta, na faɗi nata, na faɗi nawa. Rubuce-rubucen Yaya suna laburare, ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Abin da na san ta bari shi ne tsohuwar ɗalibarta da ta zo ranar. Ta gaida Amira, ta juyo ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ke ma barka da arziki." Shekara goma da warkewata, ranar aka fara yi mini. Allah ya jiƙan Yaya.