Haƙurin Bakwaini

Da damina na tafi goyon ciki gidanmu a Kebbe, cikin ya shiga wata na bakwai. Aure ne ya kai ni Tambuwal, a can nake koyarwa a wata firamare, amma haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, kuma ba a tambayar ra'ayin mai cikin. Maigidana ya raka ni tasha da buhun gero da kaji ɗaure, ya yi ta ja wa direba kunne kamar ƙwai aka ba shi ya kai.

Tun kafin in taso ƙafafuna sun kumbura, babu takalmin da ke shiga sai silifas ɗin maigidan. A Kebbe duk macen da ta kalle su sai ta ba ni fassara. Wannan ta ce namiji ne, waccan ta ce tagwaye. Da fuskata ta cika aka ce ciki ya karɓe ni. Ciwon kai ne kaɗai ba a samo masa fassara mai daɗi ba. Ran nan da hantsi ina tsintar shinkafa sai na ga ƙyalli-ƙyalli na yawo a idona, ga wani ciwo ya tokare ni ƙarƙashin haƙarƙari. Mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, ta kai ni wurin malamar awo ta garin. Ta gwada jinina a hannu ɗaya, ta sake gwadawa a ɗayan, ta auna fitsari, daga nan ta daina yi mini magana ta koma yi wa Inna. Ta ce a wuce da ni Tambuwal a ranar, kafin jijjiga ta kama ni.

Ba sai na faɗi yadda hanyar take ba, duk wanda ya bi ta da damina ya san ta. Mota ta kafe a laka, maza suka sauka turi, ni kuwa ina kwance a cinyar Inna ina jin warin taɓo.

A asibiti likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hawan jini ne irin na masu ciki, kuma ba shi da magani sai an raba ni da cikin, in an jira a rasa mu duka biyu. Maigidana ya sa hannu, aka yi mini aiki. Sai washegari aka tura ni a keke na ga abin da aka ciro. Namiji ne, yana kwance cikin kwalba, jajir da shi, an zura masa siririyar roba ta hanci. Duk jikinsa bai kai damtsena ba. Na tsaya ina jiran in ji abin da ake cewa uwa na ji, ban ji komai ba sai tsoro da zafin ɗinki.

Ba shi da ƙarfin tsotso, don haka aka koya mini tatsa. Wata nas mai faɗan tsiya ta zaunar da ni ta nuna mini inda zan dafa, ta riƙa tarar dakashi, wato nonon farko, da sirinji ɗigo-ɗigo, ana zuba masa ta robar nan. A gida dakashi zubar da shi ake yi, a ce ba shi da kyau. Inna na zaune a tabarma tana kallo, ba ta hana ba, don a wurinta abin asibiti na asibiti ne. Da ya ɗan yi ƙwari aka fiddo shi daga kwalba aka kwantar mini da shi a ƙirji, fata da fata, aka ɗaure da zane. Haka muke wuni, mu matan ɗakin, kowa da nata a cikin riga. Kunya a bakin ƙofa muke barin ta tare da takalma.

A can aka yi suna, ina kan gado aka kawo mini labarin rago. Da ya fara kama nono, ko da yake tsotso kaɗan yake yi ya gaji, aka sallame mu. Nas ɗin nan ta riƙe mini hannu ta maimaita mini har na haddace: bakwaini ba ya kukan yunwa, kada in jira ya nema, in tashe shi in ba shi, in ya kasa in tatsa in ba shi da cokali, kuma kada ya rabu da ƙirjina. Likita ya hana ni kunun kanwa da gishiri saboda jinin. Na ce to ga duka. A asibiti kowa mai cewa to ne.

Muka koma Kebbe zaman jego. Muka tarar yayar mahaifina, Gwaggo, ta zo daga Fakku da ƙullin kayanta, don ita ke kula da duk mai jego a danginmu. Mace ce mai kirki wadda ba ta san gajiya ba. Kusan duk wanda ke tafiya da ƙafarsa a gidanmu ita ta fara yi masa wanka, kuma ba ta bari a manta da haka. Ina sauka daga mota ta sa hannu cikin rigata ta zare yaron, ta naɗe shi da zannuwa har ya koma kamar ƙunshin goro, ta wuce da shi gadonta.

Ban hana ta ba, don haka ake yi. A gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai, akwai jinin Fulani a wajen kakata. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban manya, ba ta tambayar inda yake. Yaro na wurin tsohuwa. In ya yi kuka a kawo shi, uwar ta kau da kai, a lallashe ta ko a yi mata tsawa, sannan ta ba shi tana kallon bango. Wadda ta miƙa hannu da kanta kuwa ta bar wa kanta abin faɗi har ta yi jika. Ni ma a haka na tashi, na kuma yi wa wasu dariya a kan haka. Tsarin ba ya cutar da yaron da ke da maƙogwaro, shi zai tada gida har a kai shi inda abincinsa yake.

Nawa ba ya kuka. Barci yake yi. Tun a ranar farko na gaya wa Gwaggo, kaina a ƙasa, abin da aka ce a asibiti. Ta ce ta ji, amma ba a tada jinjiri daga barci, a cikin barcin yake girma, kuma yunwa ba ta taɓa kashe yaro da baki a rufe ba. Rigimar da ta fi damunta ta kunun kanwa ce. Ta kasa gane yadda nono zai zo babu kanwa, ta ce likitoci sun yi karatu amma ba su taɓa shayarwa ba. Muka sasanta a kan kunun gyaɗa da fura da nono.

Masu barka suka yi ta zuwa. Kowa ta leƙa cikin zannuwan sai ta yaba. Ba a taɓa ganin yaro mai haƙuri irin wannan ba, in ji su, ko motsi ba ya yi, Allah ya huce wa uwar wahalar da ta sha. Gwaggo na karɓar yabon kamar ita ta koya masa. Ni ina kan gadona daga ɗaya gefen ɗakin, nono ya cika ya yi tauri yana jiƙa mini riga, ina amsa gaisuwa.

Sai na koma sata. In Gwaggo ta fita hura wutar ruwan wanka, ko ta tada salla, in lallaɓa in ɗauko shi in cusa masa. Kafin ya farka sosai ya kama, na ji takunta, in mayar da shi in koma in zauna kamar ban san da shi ba. Wani lokaci ya samu, wani lokaci a'a. Na lura tsummansa sun daina jiƙewa kamar da. Na lura maɗigarsa ta faɗa. Nonon da ke zuba ya fara ja baya, tunda ba a taɓa shi. Duk wannan Inna na gani, tana shiga tana fita da kwanuka, ba ta tanka ba. Gwaggo yayar mijinta ce, kuma jikan ma na fari ne, ita ma tana da tata kunyar.

Wata ranar Juma'a bayan azahar ɗakin ya cika da mata, har da dangin maigidana da suka zo daga Tambuwal. Tun safe ba a kawo mini shi ba. Wata tsohuwa ta karɓe shi ta buɗe fuskarsa tana yi masa wasan miji, ta ɗaga hannunsa ta saki. Hannun ya faɗi yaraf, yaron bai ko yamutsa fuska ba. Aka yi dariya, aka ce angon ya sha barci. Ni na taɓa ganin hannu ya faɗi haka a ɗakin kwalba, na kuma ga abin da nas-nas suka yi a guje bayan haka.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ratsa ta tsakiyar mata na tsaya a gaban Gwaggo, don an mayar mata da shi.

"Gwaggo, ba ni ɗana."

Matan suka juyo gaba ɗaya. Ba roƙon ne ya fi ba su mamaki ba, kalmar "ɗana" ce. Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Mi kic ce?"

"Ɗana nic ce. Yunwa shika ji."

"Wa yaf faɗa miki? Kin ji shi yi kuka? Ke ɗiyag ga, boko ya cinye miki kunya."

Na sunkuya na ɗauke shi daga cinyarta. Ba ta riƙe ba. A nan gaban kowa na warware zannuwan, na ɗaga riga na kwantar da shi a ƙirjina. Jikinsa sanyi ƙalau, duk da tulin zannuwan. Wasu suka rufe baki da gyale, wata ta ce zamani ke nan, dangin maigidana suka shiga neman takalmansu. Na ji kunya, ba zan ce ban ji ba, har kunnuwana suka yi zafi. Amma tsoron ya fi ta.

Bai kama nonon ba. Na murza tafin ƙafarsa, na shafa kumatunsa, na tatsa a ɗan kofi na riƙa ɗiga masa da cokalin shayi a gefen baki. Rabi na zubewa, rabi na wucewa. Da la'asar mahaifina ya kira malamar awo ta zo ta duba shi, ta ce in ci gaba da abin da nake yi ba dare ba rana, in ya daina haɗiya kuwa mu kama hanyar Tambuwal ko ana ruwa. Washegari Gwaggo ta ƙulle kayanta ta hau kabu-kabu ta koma Fakku. Ta ce tunda an samu wadda ta fi ta sani, gonarta na jiran ta. Ban ga laifinta ba. Yaran da ta raina duk masu kuka ne.

Wankan jego da dahuwa suka koma hannun Inna. Ta kawo ruwa, ta kawo kunu, ta ɗauki kwano ta fita, magana ba ta wuce ta dole. Na ɗauka fushi take yi na kunyata ta a gaban surukai, ni ma na kama kaina. Aikina ya zama ɗaya: tatsa, tashe shi, ɗiga, mayar da shi cikin riga. Ina wari, ina gyangyaɗi a zaune, ɗinki na ja. A hankali tsumma ya fara jiƙewa. Ya fara kamawa ya ja kaɗan ya saki, daga baya ya riƙa daɗewa. Nonon ya dawo.

Wata safiya na ajiye shi a gado ina canja zane, na ɗan daɗe. Sai ya buɗe baki ya tsala kuka, na gaske, har fuskarsa ta yi ja yana harba ƙafa. Inna na daka a tsakar gida. Na ji taɓarya ta tsaya. Kafin in gama ɗaura zane ta ɗaga labule ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta duk gari. Na kai hannu zan ɗauke shi.

"Dakata kaɗan," in ji ta. "Bari in ji shi."

Na dakata. Muka tsaya mu biyu muna sauraren yaro na kuka. Na san Inna ta haifi wani kafin ni, kamar yadda ake sanin irin wannan a gida ba tare da an faɗa ba, amma ban taɓa jin abin da ya same shi ba. Ba ni ta kalla ba da ta yi magana, shi take kallo.

"Wanda nir riga haifuwa gabanki, shi ma bai cika watanni nai ba. Bai taɓa yin hakan ga ba. Kowa na yabon haƙuri nai. Ina ɗaki guda da shi, nono na zuba, ban iya cewa a miƙo min shi ba."

Ta shigo ta goge hannunta a zane, ta ɗauke shi da kanta ta ɗora mini a cinya, ta tsaya har ta ga ya kama.

"Ba shi," ta ce, ta fita.

Ina zaune yana sha, ina jiran in ji ta ci gaba da dakan. Har ya ƙoshi ya saki ban ji ƙarar turmi ba.