Allurar Rifkatu da Matan Zumunta

Har yau ranar da Rifkatu ta ƙi zuwa allura tana raina. Lokacin ni ce nas mai kula da ɗakin awon ciki a wani ƙaramin asibiti a Kafanchan. Rifkatu malamar firamare ce a Fadan Kagoma, ta daɗe da aure ba haihuwa. A Abuja aka haɗa ƙwanta da maniyyin mijinta aka daskarar, daga baya aka dasa mata ɗaya a mahaifa. Shi ne na ƙarshe da ya rage musu.

Ga waɗanda ba su sani ba, a irin dashenta magani ne ya shirya mahaifar, don haka jikinta ba ya samar da furojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki. Dole a yi ta ba ta shi har mabiyiya ta karɓi aikin, wajen wata na uku. Allura ce mai kauri, kullum a ɗuwawu, kuma ni nake yi mata.

Da gwaji ya nuna ciki ya kama, ta tashi a coci ta ba da shaida. Washegari shiru. Na kira ta a waya.

"Sista, Ubangiji ya riga ya yi aikinshi," in ji ta. "In na ci gaba da allura, kamar ban ba da gaskiya ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Likitanmu ya ce kada a bari yinin ya wuce, cikin zai iya zubewa. Na hau mashin da allurata a jaka. Na san wa'azina ba zai shige ta ba, sai na biya wajen Mama Asabe, shugabar zumuntar mata ta cocinsu, wadda ko fasto yana shakkar bakinta. Ta saurare ni, ta ɗaura ɗankwali, muka tafi tare.

"Rifkatu, wa ya tsirar da citta a gonana?"

"Ubangiji, Mama."

"To ni na rufe cittar da ciyawa, kuma Ubangiji bai yi fushi ba. Tashi ki juya wa Sista baya."

Ta tashi, na yi mata allurar. Daga ranar matan zumunta suka raba kwanaki, kowace safiya ɗaya ta rako ta har muka gama. 'Ya mace ta haifa, a hannuna, kuma ina alfahari da hakan.

Ku ƙananan ma'aikata, iya riƙe sirinji rabin aikin ne. Tun daga Rifkatu, kafin in buɗe kwalba sai na tambayi mace maganar wa take ji.