A Ina Yake Kwana?

A layinmu babu bakaniken da ya kai Baba Dogo taurin kai, babu kuma wanda nake ganin girmansa kamarsa. Gajere ne kamar turmi, sunan na tsokana ne ya bi shi. Rumfarsa benci ɗaya ce da katako, sifanu a jere, kowacce da ƙusarta.

Akwai wani ɗan baƙin gwangwani a ƙarƙashin tankin babur, cike da gawayi, aikinsa shanye tururin fetur. In mutum ya cika tanki har baki, sai mai ya gangara ya jiƙa gawayin, babur ya kama shaƙewa yana mutuwa a hanya. Sauran kanikawa cirewa suke yi su jefar. Shi kuwa kafin ya taɓa sifana sai ya tambayi inda babur ɗin yake kwana. In a waje ne, ya cire. In a cikin gida ne, ko kuka za ka yi ba zai cire ba.

Ranar da nawa ya shaƙe, na turo shi rumfar ina gumi.

"A ina yake kwana?" in ji shi.

"A falo, Baba. Ɓarayi sun hana mu sakat."

"Wa ke kusa da shi?"

"Inna. Labule ne kawai tsakaninsu."

"Innar taka mai asma?" Ya mayar da sifanar kan ƙusarta. "Ba zan cire ba. Warin fetur za ta yi ta shaƙa. Sabo kuma babu a kasuwa."

"Haba Baba, gobe a kansa zan kai ta asibiti!"

Raina ya ɓaci, shi ko a jikinsa. Ya nufi nasa babur, wanda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai, ya kwance gwangwaninsa ya ɗaura a nawa. Ya shinshina bakin tiyon gwangwanin, ya ce, "Ka daina cika tanki kamar randa."

Na san nasa ma a ɗaki yake kwana, jikokinsa a gefe.

Washegari na goyo Inna muka bi ta ƙofar gidansa. An kwana ana ruwa. Ga babur ɗin Baba Dogo a waje, ɗaure da sarƙa a jikin falwaya, ya jiƙe sharkaf.

Inna ta ce, "Wane marar tausayi ne ya bar abin hawansa a ruwa haka?"

Na rage gudu muka wuce, idona na kan gurbin gwangwanin da ya cire ya ba ni.