Garba Bakanike da Man da Ba a Kora

Ina ofis a Birnin Kebbi ranar Talata wani direban motar Yawuri ya leƙo ya ce mini Garba bakanike ya rasu, an yi jana'izarsa tun da hantsi. Na tambaye shi ko an taru. Ya ce sahu biyu ne, na biyun ma bai cika ba.

Na san marigayin a shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu, lokacin da jaridar gwamnati da nake wa aiki ta tura ni Yelwan Yawuri ɗauko labarai. Rumfarsa na kusa da kasuwar kifi. Ba mutum ne mai daɗin baki ba, kuma ba zan ƙaga masa shi yau ba. Amma a juyen man babur babu kamarsa. Zai kwance notin ƙasa, ya ajiye kwano, ya karkata babur dama, ya karkata hagu, sannan ya zauna har ɗigon ƙarshe ya faɗi. Wasu kanikawa kan tayar da inji babu mai a ciki don ya feso ragowar. Garba ya tsani wannan, don yana kashe inji. Yakan ce, "Tsohon mai ba a korar shi, jiran shi akai." In ɗan kabu-kabu ya dame shi da sauri, sai ya ce, "Ga jakkai can bakin gulbi, ba su shan mai." Baƙin man da ya tara kuwa masu gyaran kwalekwale yake ba, su shafa wa katako.

Wata rana na ari babur ɗin wani Alhaji mai fataucin kifi zan je Wara, ya ce in biya wurin Garba a juye masa mai. Garba ya kwance noti, aka kira azahar, ya tafi masallaci. Ni kuwa ina sauri. Na taka kik, na murza wuta sosai, na bar injin yana kuka har na ga ya daina feso komai. Da ya dawo ya ɗora tafin hannu a kan injin, ya dube ni, ya zuba sabon mai. Ban kai rabin hanya ba injin ya buga.

Washegari Alhaji ya tsaya gaban rumfar, kasuwa na ci, ya nuna durom ɗin baƙin man. Ya ce daga ciki Garba yake ɗura wa mutane, ya ɓoye sabon. "Ɓarawo da sifana," in ji shi. Ina tsaye a wurin, ban ce komai ba. 'Yan kabu-kabu suka ɗauke ƙafa, suka sa masa suna Garba Baƙin Mai. In sun wuce sai su danna oda su ce, "Baba, a cika mana da na jiya." Daga baya ya koma facin taya a bakin tasha.

Watan jiya na ji ba shi da lafiya, na je da lemo a leda. Ya rame ƙwarai, amma harshen na nan.

"Mallam mai biro, ka zo ɗaukar labari?"

Na ce gaisuwa na zo.

"Injin nan da zafi na iske shi, ka sani na sani."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun a lokacin.

"Wa zai bar maganar ma'aikacin gwamnati ya ɗauki tawa? Na ce bari in jira ka, kamar yadda nike jiran mai. Shekara ukku ina riƙe da kwano, ko ɗigo. Ɗauki lemonka."

Ya juya fuskarsa bango. Ko a ranar ban je na gaya wa Alhaji ba.

To, ga shi yau a rubuce, ga mutanen Yelwa da duk wanda ya taɓa kiran wancan suna. Garba bai zuba wa kowa tsohon mai ba. Ni na kashe injin. Na san maganar ta zo bayan an ɗauke kwanon.

Allah Ya jiƙan Garba, Ya yalwata kabarinsa, Ya biya shi haƙƙinsa a kan duk wanda ya ci, har da ni. Allah Ya ba matarsa Hajo da 'ya'yansu haƙuri, Ya mayar musu da sunan mahaifinsu da tsarkinsa. Amin.