Rasuwar Sai-Na-Gani, Mai Kula da Sabar Ma'aikata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, matarka ta kira ni ta ce rai ya yi halinsa. Muna ce maka Sai-na-gani, domin ba ka yarda da maganar na'ura sai ka gwada da hannunka. Kai ka koya mini aiki a ɗakin na'urorin nan mai sanyi, kana ba ni rigarka idan na fara karkarwa.

Ban manta da abin da ya faru bara ba. Sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, ta koma tafiyar hawainiya, mutane suna cirko-cirko da safe sun kasa shiga kwamfuta. Shafin saiti ya nuna fihirisar da ke saurin lalubo suna tana kunne. Kowa ya gamsu, ban da kai. Ka bincika ka ce mini, “Ƙanena, wannan saitin da manhajar ta zo da shi sabon rumbun bayanai kawai yake shafa. Namu tsoho ne, suna ɗaya sabar take nema sai ta karance kowa.”

Ka nemi izinin gyarawa. Mataimakin darakta ya hana, ya ce kai kake rage mata gudu don a riƙa nemanka. Aka karɓe makullin ɗakin daga hannunka. Sati bai zagayo ba sai ga ɗan kwangila da sabuwar na'ura, kamar dama tana bakin ƙofa tana jira. Na tsaya a bayansa na ga gyaran da ya yi, naka ne sak. Na faɗa a taro, aka ce in zauna. Wa ya ba shi bayaninka? Me ya sa shi da mataimakin suke kiran juna da sunan gida? Ba ni da hujja, amma biri ya yi kama da mutum.

Ba ka ƙara ɗaga maganar ba har ciwo ya kwantar da kai. A zaman makoki na ji mataimakin yana yabon amanarka da babbar murya. Yayarka ta dube shi, ta kau da kai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya wanke sunanka a gaban waɗanda suka ɓata shi. Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙurin rashi. Abin da ya ɓuya mana bai ɓuya masa ba. Amin.